Faifan Marigayi Jinaidu

Bayan rasuwar Jinaidu da wata biyu, ƙanwarsa Bahijja ta samu faifan ajiyarsa na kwamfuta a cikin akwatin tufafi. Ta san abin da ke ciki. Shekara biyu ya yi yana naɗar muryar mahaifinsu, tsohon mahauci a Runjin Sambo, yana ba da tarihin gidansu kafin Allah ya yi wa tsohon cikawa.

Ta jona faifan a kwamfutarta, ba ta ga komai ba. Yayansu Salihu ya karɓa ya ce zai duba, ya dawo da shi washegari yana ta kame-kame.

Sai ta hau keke zuwa Tudun Wada, shagon Malam Mustapha mai gyaran kwamfuta, Salihu na biye da ita. Mustapha ya jona faifan, ya daɗe yana kallon allo.

"Malama, faifan ga kashi biyu marigayi ya raba shi," in ji shi. "Kowane kashi shina da lamba da ka gaya ma kwamfuta irin tsarin da ke ciki. Shi tsarin Linux yake aiki da shi, ke kuwa na Windows. Lambobin ga sun saɓa da abin da ke ciki."

"To mi za a yi?"

"Kashi na biyu an rubuta mishi lambar Linux, shi ya sa taki ta ƙi nuna shi. Bari in canza."

Ya buga wasu haruffa, ya zare faifan ya sake jonawa. Nan take hotuna suka cika allon: Jinaidu a bakin kwatar mahauta, babansu kan tabarma da carbi. Bahijja ta rufe baki da mayafi.

"Muryar Baba hwa?"

Mustapha ya sosa gemu. "Ina jin tana kashi na hwarko. Shi kuwa wayam yake. Jiya aka goge shi."

Salihu ya sunkuyar da kai.

"Ni ne," ya ce. "Kwamfuta ta rubuto wai sai an shirya faifan kahin a buɗe. Na zaci gyara ne, na danna."

"Yaya, ba ka tambayi kowa ba?"

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, ya fita ya tsaya a rana.

Mustapha ya ce a bar masa faifan kwana uku, amma ba ya alkawari. Da suka dawo ran Alhamis, naɗi huɗu kacal ya ceto cikin sittin da wani abu, ɗaya ma a yanke. Ya kunna musu wanda ya yanke ɗin. Muryar tsohon ta fito yana lissafa kakanninsu, ya kai na uku, sai ta ɗauke.

Salihu ya roƙi a sake kunnawa. Bahijja ta ciro biro daga jaka, ta rubuta sunayen uku a bayan wata takarda.