Cikin Toka Ya Koma Tas

Mai askin bai lura ba sai ranar da kyanwar ta kwanta rigingine a bakin ƙofa tana shan hantsi. Cikinta tas, tun daga ƙirji har tsakanin cinyoyi, sai jar fata kamar wanda aka yi wa ƙwal-kwabo. Toka yake kiranta saboda launinta. Tun tana 'yar mitsitsiya ta shigo shagon da kanta, ta samu ƙarƙashin bencin masu jira ta zauna, shi kuma bai kore ta ba.

Wani direba da ke kan kujera, rabin kansa a aske, ya leƙa ta madubi.

"Maigida, abin har ya kai ka gwada sabon inji a jikin baiwar Allah?"

"Da ni na yi, ai da na fitar mata da layi," in ji mai askin.

Aka yi dariya. Wani ya ce ai sanƙon ubangidanta ta gada. Wasa ya ci gaba har wajen mako guda, kowa ya shigo sai ya tofa tasa. Ranar da dariya ta tsaya ita ce ranar da wani magidanci ya kawo 'ya'yansa biyu. Ya dubi kyanwar, ya dubi tawul ɗin da ke rataye, ya ce, "Malam, wannan ba makero ba ne kuwa?" Bai jira amsa ba ya ja yaransa suka fita. Kafin ƙarshen mako iyaye mata sun daina turo yara.

A gida matarsa ba ta ɓoye masa ba.

"Baban yara, ka kai ta bayan kasuwa ka ajiye. Da hannun nan kake taɓa ta, da shi kake taɓa kan mutane."

"Bari dai a duba ta tukuna."

Washegari ya rufe shago da hantsi, ya sa Toka a kwali ya huda ramuka, ya nufi asibitin dabbobi. Tun daga ƙofar shago har can kuka take yi, duk wanda ya wuce sai ya waiwayo.

Likitar wata doguwa ce mai magana a hankali. Ta ɗora Toka a kan teburin ƙarfe, ta bi jikinta da ƙaramin mataji, tana karkaɗewa a kan farar takarda. Babu ƙuma, babu kashinta. Ta kashe wutar ɗakin ta haska fatar da wata fitila mai shuɗin haske, sannan ta kankari fatar kaɗan ta shiga ciki da abin da ta kankaro. Da ta dawo ta ce, "Alhaji, kawo yatsanka. Shafa nan."

Ya shafa. Ya ji ƙaiƙayin guntun gashi, irin na haɓar da ta kwana biyu ba a aske ba.

"Ka ji ko? Ba zubewa ya yi ba, karyewa ya yi. Ita ce take lashe shi. Harshen kyanwa kaushi gare shi, in ta dage wa wuri ɗaya sai ta cinye gashin. Ban ga alamar makero ba, amma zan aika gashin a ƙara dubawa."

"To likita, me ya yi zafi haka?"

"Wani lokaci ƙaiƙayi ne, wani lokaci ciwo a ciki, wani lokaci kuma hankalinta ne bai kwanta ba. Me ya canja a inda take zama?"

Ya ce babu komai. Abincinta na nan yadda yake, bencinta na nan. Sai da ya ɗauki kwalin zai fita ya tsaya.

"Ƙofa na canja. Da ta katako ce, na sa ta gilas don a riƙa ganin shagon daga titi."

"Ka zauna ka kalle ta," in ji likitar. "Ka ga abin da take gani." Ta ɗiga mata maganin ƙuma a ƙeya ko da akwai wadda ta ɓuya, ta kuma ba shi wani abin wuya na roba mai kama da mazurari don ya hana ta lasa.

Abin wuyan bai yi rana ɗaya ba. Toka ta yi ta tafiya da baya tana karo da ƙafar kujera, ta ƙi ci, ta ƙi sha. Da la'asar ya cire ya jefa a durowa.

Kallon ne ya yi amfani. Da yake kwastomomi sun ragu, lokaci ya samu. Yana zaune yana goge almakashi sai ga muzurun maƙwabciyarsa mai wanki da guga, wani ƙato mai yagaggen kunne. Ya zo ya zauna daf da gilas ya kafa mata ido. Toka ta sandare, jela ta kumbura. Muzurun ya juya ya fesa fitsari a jikin ƙofar, ya tafi abinsa. Nan take ta zube ta hau lasar ciki, ba ji ba gani. Ya kira sunanta, ko kunne ba ta motsa ba.

Ya leƙa shagon maƙwabciyar, tana tsaye cikin tururin guga.

"Yaya, ɗan naki ne ya hana tawa sakat."

"Wane ɗana? Wannan ɗan iskan? Ni ma abinci kawai yake zuwa ci. In ka iya ɗaure shi, ga igiya."

Ta dai ba shi tsofaffin jaridun da take naɗe kaya da su. Ya manna su a rabin ƙofar na ƙasa, ya wanke bakin ƙofa da sabulu, ya buga wa Toka katako a sama kusa da rediyo, inda za ta hau ta ga kowa ba a taɓa ta ba. Shagon ya yi muni daga waje, matarsa ma ta faɗa.

Lasar ba ta tsaya nan da nan ba. Sai da aka yi kusan wata biyu kafin wani laushin gashi ya fara tsirowa, ya fi na jikinta haske. Likita ta bugo waya ta ce gwaji ya fito, ba makero ba ne. Ya faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerarsa, har da waɗanda ba su tambaya ba. Wasu yaran sun dawo, wasu kuwa iyayensu sun riga sun saba da wani shago a gaba.

Da jaridun suka fara yin ja suna ɓallewa, ya kira mai fenti ya shafe rabin gilas ɗin da shuɗi. Mai fentin ya tambaya ko a rubuta sunan shago a kai. Ya ce a rubuta, amma a yi sauri, don akwai mutum biyu a benci suna jira.