Baba Sabo a Bangon Littafi

Jamil ya fi son bangon littafi a kan abin da ke ciki. Tun kafin ya tsere daga makaranta a aji biyu na sakandare, in littafi ya shigo hannunsa sai ya shafa bangon, ya shinshina, sannan ya duba ko akwai labari. Da ya rubuta nasa labarin yaƙi, kashi uku, wata biyu ya yi yana rubutu, bango kuwa ya ci masa wata biyar.

Dabararsa ita ce ya haɗa ukun a kwali ɗaya, ba a sayen ɗaya sai duka. Kwali ɗari ya ɗauko a adaidaita-sahu daga wurin mai buga littafi a Rijiyar Zaki, ya jibge a zaure, yana jiran kasuwar Tofa.

Sai dai akwai abin da ya ɓoye. Mai zanen kwamfuta ya nemi hoton jarumi, shi kuwa Jamil bai ga fuska mai kwarjini kamar ta Baba Sabo ba, yayan mahaifinsa, wanda a gidansa yake ci yake kwana. Ya ɗauke shi a waya ranar huɗa, ya ɗaga garma yana daka wa akuya tsawa. Aka cire garma aka sa takobi. Izini kuwa bai nema ba.

Ana gobe kasuwa, da la'asar, ya tarar da Baba a zaure, kwali a buɗe a cinyarsa.

"Kai, Jamilu. Wane ne wannan?"

"Wani sadauki ne, Baba."

"Sadauki da tabon da sa ya yi mini a goshi? Ka san in na ce a kai su murhun matata Hure, an kai ke nan?"

Jamil ya durƙusa. Baba ya zaro na biyu, ya ga kansa bisa bayan zaki. Ya daɗe yana kallo.

"Zakin ya yi ƙanƙanta," ya ce, "amma ba laifi."

Sai na uku. Ga sadauki kwance a ƙasa, wani ƙato tsaye a kansa da mashi. Fuskar ƙaton ta Madu ce, mai shagon hatsi na tsallaken hanya, Babarbare, wanda ya shekara arba'in yana wasan Fulani da Barebari da Baba.

"Ni Babarbare zai kayar? Hure! Kawo ashana!"

Ihun ne ya jawo Madu. Ya karɓi littafin, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Ashe yaron nan ya san tarihi. Ba ni na uku guda goma in liƙa a shago."

"Ba a rabawa, Baba Madu," in ji Jamil. "Mai son na uku sai ya haɗa da na ɗaya da na biyu."

Baba Sabo ya tsaya cak, ashanar da matarsa ta miƙo tana hannunsa.

"Wato kowa zai gan ni a tsaye sau biyu, shi sau ɗaya?"

"Sau uku, Baba. Kai ne kuma a jikin kwalin."

"Hure, mayar da ashanarki."

Washegari tsofaffin biyu suka sa teburin Jamil a tsakiya. Baba Sabo yana ɗaga na biyu yana kiran jama'a su ga wanda ya hau zaki, Madu yana ɗaga na uku yana cewa su zo su ga inda hawan ya ƙare. Babu wanda ya karanta ko layi ɗaya a cikinsu. Kafin la'asar kwali bakwai suka rage.

Da suka koma gida Baba ya shiga ɗaki, ya fito da babbar rigarsa ta Sallah, garma a kafaɗa, ya ɗora ƙafa a kan turmi.

"Ɗauki. Inda turmin nan yake, nan za a sa wuyan Madu."

"Baba, ai ban rubuta wani labarin ba."

"Wa ya tambaye ka labari?"

Jamil ya ɗaga waya. A ranar ya gane inda ya gado ciwonsa na son bango.