Magadan Baba Iortyer

Mai zarto ya riga ya ɗaura igiya a reshen mangwaron sa'ad da Baba Iortyer ya fito yana dafa bango, wandonsa na zamewa saboda rama. Ni na kira mutumin. Bishiyar ta Baba ce, amma rabinta ya leƙo tsakar gidana, jemagun da ke kanta kuwa sun mai da shanyata masai.

"Maman Raliya, ki bari sai na tafi," ya ce. "Ba zai daɗe ba."

Na sallami mai zarto ina ƙunƙuni.

Baba malamin falsafa ne da ya yi ritaya, kuma tun da muka zama maƙwabta a nan Lafia zancensa ɗaya ne. Wai ɗan Adam zai ƙare kaf, ko zafi ya gama da shi, ko yaƙi, ko injinan da ya ƙera da hannunsa, duniya kuma ba za ta yi masa zaman makoki ba. Wai mu baƙin jiya ne da muka ɗauka mu ne masu gida. Nakan ce in ya gama ƙarar da mu ya bar mini doyarsa. Ya yi ta dariya har da tari.

Matarsa Ngodoo ce ta gaya mini bai fara wannan zance ba sai bayan da ɗansu tilo, Terver, ya rasu a hatsarin mota. Yaron ne ya shuka mangwaron.

Da ciwon da ke damunsa ya ci ƙarfinsa sai ya sa aka shimfiɗa masa katifa a gindin bishiyar. Na kai masa kunu, ko kallonsa bai yi ba. Ya nuna mini jemagun da ke reto a sama.

"Ga masu gadona nan. Kowa zai ƙare, su za su saura. To don gidana ya riga na kowa ƙarewa, mene ne abin kuka?"

Yana faɗa hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

Da hantsin Talata ya cika. Muna zaune wajen gaisuwa, wata baƙuwa da ba ta san gidan ba ta durƙusa gaban Ngodoo, ta yi addu'ar da baki ya saba: "Allah ya raya abin da ya bari."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ngodoo ta ɗaga ido ta daɗe tana duban bishiyar, sannan ta ce, "Amin."

Bayan an kai gawarsa ƙauye mai zarto ya dawo da igiyarsa. Na ba shi haƙuri, na kwance igiyar shanyata na mayar bayan ɗaki.

Yanzu da magariba nakan hango Ngodoo ta kan katanga, zaune inda katifar take a dā, jemagu na tashi ɗaya bayan ɗaya ta saman kanta.