Cokali Ɗaya na Maɗin Elda

Noeline ta tofo ƙwayar maganin a tafin hannunta, ta dube ta, sannan ta shafe ta a rigar 'yarta.

"Haba Mama!" in ji Glenys tana kakkaɓewa da bayan hannu. "Ta uku ke nan fa."

"Ba zan sha ba. Sai yarinyar nan ta sha cokalinta tukun."

Yarinyar nan kuwa ba kowa ba ce illa Glenys ɗin, mai shekara hamsin da takwas da jikoki biyu. Ita Noeline tamanin da tara gare ta. Kwana huɗu ke nan tari ya sauka mata a ƙirji, ga shi tun bara tunani ya fara kwance mata. Wani lokaci ta san a gidan tsofaffi take a garin Milton, wani lokaci kuma tana can tsohon kicin ɗinta na gona, da 'ya'ya ƙanana a gindinta.

Marivic, nas ɗin da ke kula da ita, ta ja Glenys bakin ƙofa. "Likita ya ce in ba ta sha maganin nan ba kafin biyar na yamma, motar asibiti za ta kwashe ta zuwa Dunedin a ba ta ta jijiya. Kin dai san yadda muka ƙare wancan karon."

Glenys ta sani. Wancan karon tsohuwar ta tafi tana sane da sunan kowa, ta dawo ba ta gane ɗanta na fari ba.

"Wai wane cokali take ta faɗa?"

"Maɗin elda," Glenys ta ce. Faɗin sunan kawai ya tara mata miyau mai tsami a baki.

Duk wanda ya tashi a gonakin nan ya san abin. Da zarar watan Maris ya yi nisa, lokacin da sanyi ke fara leƙowa a wannan ƙasar, sai iyaye mata su bi shinge su tsinko baƙaƙen 'ya'yan wani itace da ake kira elda su dafa, wai yana ƙarfafa jiki, mura ba ta kayar da yaro. Na wasu gidajen har daɗi gare shi. Na Noeline kuwa, Allah ya kiyaye. Zuma sai ɗigo biyu, wai zaƙi na kashe masa ƙarfi. Kuma da tsohuwar doguwar safarta take tacewa. Ta rantse ta wanke, amma Glenys ta sha ganin safar nan rataye a bayan kujera, da siffar ƙafa har da diddige, tana ɗiga baƙin ruwa a kwano kamar an yanka wani abu. Kullum da safe har hunturu ya fita: cokali ɗaya, sannan "Buɗe baki in ga harshe." Ranar da ta bar gida tana da shekara sha bakwai ta ce ita da shi har abada.

Sai ta fara da dabara. Ta leƙa kanti ta sayo lemon kwalba mai irin launin, ta juye a wata kwalbar da ba takarda, ta dawo tana murmushi.

Noeline ta shinshina sau ɗaya. "Wannan ƙamshi yake yi. Ke, ni za ki yi wa wayo? Tun ba a haife ki ba nake da wayona."

Ƙarfe sha ɗaya ke nan. Glenys ta ja mota ta nufi tsohon garken tumakin da ke hanyar gonarsu ta da. Itatuwan elda na nan yadda ta san su, sun ƙara girma kawai. Tsuntsaye sun riga ta, sun cinye rabi, sun bar kashinsu baƙi-baƙi a kan sauran. Ta kama reshe, ganye ya murje a hannunta, warin nan na fitsarin kyanwa ya daki hancinta. Ta juya ta yi kakarin amai, ba abin da ya fito. Ta cika bokiti, takalminta ya nutse a kashin tumaki har idon sawu.

A gida ta zauna tana tsefe 'ya'yan da cokali mai yatsu. Kowane gungu sai wasu ƙwari masu almakashi a wutsiya sun fito suna gudu a kan tebur. Da tukunya ta fara tafasa, mijinta Murray ya shigo daga lambu ya tsaya turus.

"Me ya mutu a gidan nan?"

"Ƙuruciyata. Buɗe taga."

Ya miƙa hannu cikin bokiti zai jefa ɗanye a baki, ta make masa hannu. "Ci mana, ka wuni a bayi! Sai an dafa, tsohon banza."

Wurin tacewa ne aka samu matsala. Rariya ta bar ƙananan ƙwallaye suna wucewa. Tawul ya shanye ruwan ya hana shi sauka. Ƙarfe uku ta wuce. Glenys ta shiga ɗaki ta buɗe aljihun tebur.

Murray ya ga abin da ta riƙo, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Wayyo! Ashe abin gado ne."

"In ka faɗa wa wani sai na ɗura maka kwalbar duka."

Ta juye dafaffun 'ya'yan a doguwar safar tata, ta rataye ta a bayan kujera. Ruwan ya sauko tas, ba ko ƙwallo ɗaya. Wannan ya fi komai ɓata mata rai.

Huɗu da rabi ta shiga ɗakin mahaifiyarta, hannuwanta baƙi har wuyan hannu. Noeline na zaune an jingina ta da matasai, numfashinta na ƙara. Ta karɓi kwalbar da ɗuminta, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Yauwa. Wannan ne."

Ba ta yarda da cokalin da Marivic ta miƙo ba. Ta zaro nata daga kwanon kunun safe da ba ta shanye ba, ta lashe shi ciki da baya, ta goge a rigar barcinta, ta cika shi.

"Matso."

Glenys ta dubi cokalin. Ta dubi agogo. Ta rufe ido ta buɗe baki. Ɗacin ƙasa da tsamin ƙarfe suka bi mata maƙogwaro, ga wani abu mai yauƙi da ba ta so ta san ko mene ne. Ta damƙe ƙarfen gado har ya wuce.

"Harshe."

Ta zaro shi.

"To. Bana kin tsira." Noeline ta juya ga nas. "Ke 'yar nan, ina maganin da kike ta damuna da shi?" Ta haɗiye ƙwayar da ruwa kamar ba ita ba.

Glenys ta share hawaye, ta cika cokalin ta miƙa. "Saura ke, Mama. Ai ke ke tari."

Tsohuwar ta ja da baya kamar an nuna mata mushe. "Ni? Allah ya sawwaƙe. Ban taɓa sa wannan ƙazantar a bakina ba."

"Mama! Shekara goma sha wani abu kina ɗura mana!"

"Kin mutu? Huɗu na haifa, huɗu na raya." Ta lumshe ido. "Kawar da shi, yana tayar min da zuciya."

Marivic ta yi rubutu a takardarta, tana danne dariya. A bakin ƙofa ta rage murya. "Glenys, kada ki ce ban faɗa miki ba. Maganin sau uku ne a rana, kwana bakwai."

Glenys ta ɗaga kwalbar ta dubi inda ruwan ya tsaya. Sai ta ajiye ta a kan durowa kusa da gadon, ta je ta wanke cokalin da sabulu har sau biyu.

"Ƙarfe nawa ne na gaba?"