Kanumfari a Filin Jirgi

Ni dai girki na zo yi Riyad, kowa ya san ba garin da ake zuwa neman giya ba ne. Shekara huɗu ke nan ina dafa wa Mista Kalum abinci, wani tsoho ɗan Sikotlan da ke aiki a wani ofishin jakadanci. Gidansa na cikin unguwar jakadu, inda irinsu ke ajiye abinsu su sha ba mai tambayarsu.

Kullum rana ta kusa faɗuwa yakan fito baranda da kwalbar wiski. Ba ya shan da yawa. Kaurin yatsa biyu a gindin kofi, ya ɗiga ruwa kaɗan, ya zauna yana shinshinawa kamar mai sayen turare. Ranar farko na jefa masa ƙanƙara wai in burge shi. Wai! Sai ka ce na zagi uwarsa. Daga ranar na ce masa kofi da ruwa kawai zan riƙa kawowa, kwalba kuwa ba na taɓa ta. Ya ce, "Daidai ne, Isiyaku."

Tsoron Allah ne ya sa na faɗi haka, amma kuma akwai Hansai, matata, da na baro a Zariya da 'yarmu Nuriyya. Mahaifin Hansai ma'aikacin jirgin ƙasa ne, giya ta gama da shi tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Kafin aurenmu abu ɗaya ta nema. Ta ce, "Duk ranar da na ji warinta a bakinka, ka ɗauka ba ka da mata." Na yi dariya na rantse. Hansai ba ta faɗin magana sau biyu, kuma in ta ƙi abu ta ƙi shi ke nan. Shekara goma sha huɗu muna tare ba ta taɓa sa kanumfari a kunu ko zoɓo ba. Na sha tsokanarta cewa matar kuku guda ba ta san daɗin kayan ƙamshi ba, sai ta ce ita dai ba ta son shi.

Wankin kofi ne ya ja mini. Duk sanda na ɗauko kofin tsohon nan sai in ji ƙaurin hayaƙi, irin na madafin kakata a Giwa da damina, in itace ya jiƙe. Na tambaye shi, ya ce a garinsu akwai wata baƙar ƙasa da suke haƙowa su ƙona, da hayaƙinta suke busar da sha'ir ɗin. Na fi wata shida ina shinshinawa kawai, ina wankewa.

Wata rana ya rage ɗan kaɗan. Na ɗanɗana. Subhanallahi, wuta! Na tofar, na kurkure baki, na yi istigifari ya fi cikin carbi. Bayan sati na sake. Wannan karon da zafin ya wuce sai na ji wani zaƙi a ƙarƙashinsa, kamar dabinon da ya sha hayaƙi, ɗumi ya sauka a ƙirjina a hankali. Na daɗe a tsaye gaban famfo.

Kar in ɗauki alhakin tsohon, bai taɓa ce mini sha ba. Ya dai lura, sai ya fara barin kwalbar a kan tebur in ya je wanke hannu. Ba a jima ba muka koma kofi biyu. In na idar da Magariba sai in fito baranda mu zauna, shi yana ba ni labarin matarsa da ta rasu, ni ina ba shi na Nuriyya, iska mai ɗumi na kaɗa dabinai. Ban taɓa yin maye ba, da wannan nake lallashin kaina. Ƙarya nake yi wa kaina kuma na sani, amma wallahi a duk yinina ba lokacin da nake jira kamar wannan. Har na iya bambanta mai hayaƙi da mai zaƙi ido a rufe, ni Isiyaku!

Ana nan sai bizar ziyarar Hansai ta fito. A ranar na ce wa tsohon halas, na daina. Ya gyaɗa kai, ya mai da kofi ɗaya cikin kabad. Kwana tara ban sha ba. Da yamma maƙogwarona kan yi ta kira, sai in dafa shayi mai kauri in sha a kicin ina jin haushin kowa.

Ranar da za ta sauka na goge baki sau uku, na bi da asuwaki. Hankalina bai kwanta ba. Gani nake abin ya shiga jinina, yana fita ta numfashi. Zan fita sai idona ya faɗa kan kwalbar kanumfari, na damƙi kaɗan na zuba a aljihu. Na ce gara ta yi ƙorafin kanumfari da ta ji wancan.

Nafiou, wani abokina ɗan Maraɗi mai tasi, shi ya kai ni filin jirgi. Tun daga hanya nake tauna har harshena ya mutu.

Ta fito cikin baƙar abaya tana tura kaya, tana hango ni ta washe baki. Na ji daɗi ƙwarai, shekara biyu rabona da ita. Na matso zan karɓi jaka na ce, "Sannu da hanya, Hansai." Sai murmushin ya ɗauke. Ta dube ni, ta ce, "Yauwa, Baban Nuriyya."

A mota Nafiou ya yi ta zuba, yana nuna mata jirgin ƙasan cikin gari da dogayen benaye, ita kuwa daga "to" sai "Masha Allah". Na ce gajiya ce.

Muka isa ɗakin da na kama mana a unguwar Suwaidi. Ta yi salla, ta zauna a kan darduma, ta buɗe jaka tana fito da tsaraba ɗaya bayan ɗaya: kuka, daddawa, yaji, kilishin da ta san ina so, da wasiƙar Nuriyya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Baba ma kanumfari yake taunawa," in ji ta, muryarta a kwance. "Tun daga zaure muke jin ƙamshinsa, sai Inna ta ce mu shige ɗaki mu rufe ƙofa."

Na zauna a ƙasa. Shekara goma sha huɗu ina tsokanarta a kan kunu, ban taɓa tambayarta dalili ba. Kunya ta kama ni, ga tsoro. Guntun kanumfarin na nan a kuncina, na rasa yadda zan yi, in haɗiye ko in tofar.

Na ce, "Hansai, wallahi tallahi yau kwana tara ban taɓa ta ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Na yarda," ta ce. "Shi ma ƙirga kwanaki yake yi."

Ta tura mini kilishin da wasiƙar gabana. Sauran kayanta kuwa ba ta fito da su ba, ta ja zif ɗin jakar ta rufe.