Jirgin Felícita

Deysi na tsaye a cikin kombi, ƙaramar motar haya, hannu ɗaya a ƙarfe ɗaya a waya, saƙon Yanet ya shigo. Kwana tara ke nan ba ta ji ɗuriyarta ba, kujerarta a aji wayam. Saƙon kuma ba gaisuwa, ba "Guntuwa" ɗin da ta saba tsokanarta da shi. Cewa kawai ta yi ta zo rumfa yanzu, mamanta na son ganinta, ta kuma taho da wayarta.

Deysi ta bari motar ta wuce layin gidansu. Kasuwa ta nufa, don ta san zancen, ko da ba a faɗa mata ba.

Akwai wani shirin talabijin na jirgi mai yawo tsakanin taurari, da yaran garinsu Arequipa suka mace a kansa shekara biyu da suka wuce. A ciki akwai Sira matuƙiya da Kel mai gyaran inji, 'yan mata biyu da ba abin da ke haɗa su sai aiki da cacar baki. To kun san halin yara, abin da masu shiri suka bari a rufe su sai sun buɗe shi. Akwai shafin da masoya shirin ke rubuta nasu ci gaban, Deysi ta yi rajista a can tana 'yar sha huɗu, kalmar sirrin na hannunta. Babi ɗaya ita, babi ɗaya Yanet. Deysi ce bakin Sira, Yanet ce bakin Kel.

Sai da aka kai babi na ashirin da biyar kafin Kel ta riƙe hannun Sira, kuma Yanet ce ta rubuta. Ranar Deysi ta karanta shi ya fi sau goma. Washegari a makaranta me kuke tsammani suka ce wa juna? Yanet ta ce, "Guntuwa, ara min biro." Shi ke nan. Haka suka yi shekara biyu, a sama cikin taurari ba abin da ba su faɗa wa juna ba, a ƙasa kuma sai aron biro da rabon gasasshiyar masara. Deysi ba ta taɓa tambaya ba, tana tsoron amsa. Sai a babi na sittin da biyu ta yi ta maza, ta sa Sira ta tambayi Kel ko in an sauka za ta bi ta gida. Layi ya koma kan Yanet, daga nan ne Yanet ta ɓace.

Rumfar Doña Felícita, mahaifiyar Yanet, tana layin masu matse 'ya'yan itace, gwanda da abarba jere har sama. Yanet na can baya tana wankin kofuna, ba ta juyo ba. Doña Felícita ta nuna wa Deysi kujera, ta tambayi lafiyar mamanta da ciwon ƙafar kakarta, sai da ta sallami wasu mata biyu sannan ta goge hannu ta zauna.

Ta ce ita ba ta yi karatu mai nisa ba, amma sunanta dai tana gane shi. Wata 'yar yayarta mai waƙa a coci ce ta kawo mata labarin a waya. Ashe jirgin da 'yan matan suka gudu da shi a babi na tara, sunan da suka raɗa masa Felícita. Mai gyaran inji na da tabon wuƙa a babban yatsa, daidai inda Yanet ke da nata. Matuƙiyar kuma sai ta taka akwati take kaiwa ga madannai.

"Ku da wayonku," in ji ta, "duk sunayen duniya ba ku samu ba sai nawa."

Da wata rana ce, da dariya za a yi. Deysi ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta da ba su kai ƙasa ba.

Matar ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce ba ta ce Deysi ta ɓata mata yarinya ba, ta san ta tun tana zuwa shan ruwan gwanda da majina a hanci. Amma uban Yanet bai ji ba tukuna, kuma abin da 'yar waƙa ta sani yau, coci ta sani gobe. Don haka ɗayan biyu. Ko a goge labarin nan gabanta, kowa ya ce bai taɓa gani ba, ko ranar Asabar Yanet ta hau mota zuwa ƙauyen kakarta can saman Puno, ta yi kiwo har hankali ya dawo. Saura wata uku su gama sakandare. Yanet ce ta biyu a aji, ita ke son karatun jinya.

"Na ce ta goge da kanta, ta ce makullin na wurinki. To ga ki, 'yata."

Deysi ta ɗaga ido ta kalli bayan Yanet. Kofi ɗaya take ta wankewa tun ɗazu.

"Siririya," ta kira ta a hankali.

"Goge mana, Guntuwa." Ba ta juyo ba. "Na faɗa wa Mama wasa ne. Labari ne kawai."

"Saura babinki."

"Ban rubuta ba."

"Amma me Kel za ta ce?"

Ruwan famfo na ta zuba. Doña Felícita ta dubi wannan ta dubi waccan. Yanet ta ɗora kofin a kan 'yan'uwansa, ta ɗauki wani wanda da ma a wanke yake.

"Ban kai ga tunanin ba," ta ce.

Deysi ta san ƙarya ce. Ko dai tana so ta zama ƙarya, ita kanta ba za ta iya rantsuwa ba, kuma ba sauran inda za a tambaya. Ta ciro waya. Babi sittin da biyu, babu kwafi ko ɗaya, don a shafin suke rubutu kai tsaye, a kombi, a layin burodi, a ƙarƙashin tebur lokacin lissafi. Shafin ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna. Ya sake tambaya, ya ce abin da aka goge ba ya dawowa. Ta dubi Yanet sau ɗaya, ta sake dannawa, ta miƙa wa Doña Felícita wayar ta ga farin fili.

Matar ta yi ajiyar zuciya ta yi alamar gicciye a ƙirji. Ta ce da ma ta san Deysi yarinyar kirki ce. Ranar Litinin Yanet za ta koma makaranta, sai dai kowacce ta nemi wata abokiyar zama, haka ya fi. Sannan ta tashi ta haɗa mata ruwan gwanda da madara, babban kofi, wanda ake yi wa manyan masu ciniki. Deysi ta shanye tas, don ba a barin saura a rumfar Doña Felícita. Ta yi godiya, ta yi sallama. Yanet ta amsa daga wurin famfo.

A kombin komawa ta samu kujera gefen taga. Wayar ta yi motsi, ta duba da sauri, amma ba Yanet ba ce. Wata yarinya ce daga Guatemala da ba ta taɓa jin sunanta ba. Ta rubuto cewa shekara guda tana bin labarin a ɓoye, ba ta taɓa yin magana ba, a garinsu ba ta da wanda za ta yi maganar da shi. Yanzu ta duba babu. Ba ta tambayi dalili ba, abu ɗaya take son sani, Kel ta bi ta gida kuwa?

Deysi ta daɗe tana kallon saƙon, har yaron mota ya fara kiran sunan unguwarsu. Ta goge ido da hannun riga, ta rubuta, "Ta bi ta." Ta aika, ta miƙe ta ce a sauke ta a kwana.