Majok Ɗan Akol

"Matso da kunnenka," in ji tsohon.

Zubairu ya ajiye kofin ruwan ya sunkuya. Ɗalibi ne daga Katsina, bene ɗaya suke haya da Isam, wani ɗan kasuwa mutumin Sudan, a unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar waje inda yake karatu. Tsohon kuwa Hamad ne, mai yi wa gidan Isam hidima, wanda ke kwana a lungun ƙarƙashin matakala. Tun safe numfashinsa ke sarƙewa.

"Ba Hamad ne sunana ba. Majok ne, ɗan Akol. Lokacin yaƙin kudancin Sudan mahaya suka ƙone ƙauyenmu, suka ɗaure mu yara a igiya ɗaya. Uban Isam ne ya ɗauke ni, ya sa min Hamad. Sallata ta gaskiya ce, amma sunan ba nawa ba ne. In kun kai ni, ka faɗa musu."

"In sha Allahu, Baba. Na yi alkawari."

Zubairu, da ya haddace babin 'yanta bayi a fiƙihu har yana yi wa abokan karatu gyara, bai taɓa kawowa a ransa cewa mai miƙo masa shayi kullum da igiya aka zo da shi ba.

Kafin azahar rai ya yi halinsa. Isam ya kawo likkafani mai kyau, ya kuma yi kuka na gaske, har sai da aka riƙe shi. A maƙabartar baƙi da ke bayan gari, da aka gama rufewa, mai gadi ya zo da gwangwanin fenti da buroshi don ya rubuta suna a jikin bangon kabarin, kamar yadda suke yi.

"Wane suna?"

"Hamad," in ji Isam.

"Ɗan wa?"

Isam ya sosa ƙeya. "Rubuta Hamad kawai. Ɗan gidanmu ne, tare muka tashi. Ko ba haka ba, ya Shehu Zubairu?"

Idanu suka dawo kan Zubairu. Sunan na nan a bakinsa, amma faɗinsa daidai yake da tona asirin uban Isam a gaban 'yan uwansa Sudanawa. Isam kuma shi ne ya goya shi zuwa asibiti bara da zazzaɓi ya kayar da shi, a gidansa yake cin abincin Juma'a.

"Haka ne," ya ce, kansa a ƙasa. Kunya ta rufe shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Khalas, shi ke nan. Yalla, mu tafi, mota na jira," in ji wani.

Jama'a suka watse. Mai gadi ya goge buroshinsa a jikin dutse ya tafi. Zubairu ya tsaya shi kaɗai yana kallon bangon. Gefen sunan akwai sauran fili fari, fentin kuma yana ta bushewa a rana.